Ƙofa ta Huɗu a Ɗanzomo

Ranar Laraba ce, cikin bazara, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku a gidan Malam Abdulmuhaimin da ke Gumel.

Ƙarfe shida da rabi Mansura ta fito tsakar gida, kofin koko a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Mahaifiyarta, Malama Safara'u, mai koyar da ilimin sinadarai a sakandare, tana kan tabarma tana duba takardun gwaji. Kafin ta amsa gaisuwa sai da ta kasa kunne, kamar kullum. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan sauraro. Numfashin 'yarta take saurare, ko akwai siririn fiton nan na asma a ƙarƙashinsa. Ranar babu.

"Umma, an gama awon? In wuce?"

"Abin shaƙarki fa?"

"Ɗaya a jaka, ɗaya a aljihu. Na ukun kuma kin cusa min a jakar kwamfuta, kina zaton ban gani ba."

"To ki bar shi inda yake, sarkin surutu."

Ƙarfe bakwai da kwata ta hau acaɓa zuwa ofis.

Kamfanin da take wa aiki na sayen riɗi da zoɓo ne, da sito-sito a Gumel, Gagarawa, Ɗanzomo da Maigatari. Shekara goma sha biyu kowane waje yana ajiye bayanansa yadda ya ga dama. Na Gagarawa a littafi mai shuɗin bango. Na Maigatari a kwamfuta, rabi Turanci rabi Faransanci, don magatakardan mutumin Damagaram ne. Mai sa maganin ƙwari nasa hotuna ne a waya. Na Ɗanzomo kuwa yawancinsa a kan wani tsohon mai gadi yake, Baba Ɗantsoho. An ɗauki Mansura ta haɗa wannan tarkace cikin kundi guda. Akwai manhajar da take aiki da ita, wadda ke buɗe wa kowane bayani katinsa: wa ya rubuta shi, yaushe, da wane ma'auni, wane sito yake nufi. Da mahaifiyarta ta ce ba ta gane amfanin abin ba, sai ta ce, "Kamar kwalaben ɗakin gwajinki ne, Umma. Ni ba ruwan ciki nake aunawa ba, takardar jikin kwalbar nake rubutawa." Nan take Malama ta gane, domin ita ta koya mata tun tana ƙarama cewa kwalbar da ba ta da suna guba ce har sai an tabbatar.

Ƙarfe goma wayar Malama ta yi ƙara a ɗakin malamai.

"Umma, tambayar ɗaliba. Ƙwayar nan da ake sa wa hatsi, wadda suke kira bom, kwana nawa kafin mutum ya shiga wurin?"

"Bakwai a rufe, mafi ƙaranci. Sannan a buɗe ƙofofi iska ta ratsa kwana biyu. Me ya kawo tambayar?"

"Gurbi nake buɗe mata a kundin. Ranar sawa, ranar buɗewa."

"Ki rubuta daga kujerarki. Kin tuna abin da muka yi da ke."

"Na tuna. Ba ni ba cikin sito."

Wannan ne sharaɗin da Malama ta kafa ranar da takardar ɗaukar aiki ta zo. Ta san abin da ƙwayar take fitarwa idan ta sha danshin iska. Ta sha rubuta shi a allo. Iska ce mai warin tafarnuwa, ba ta da makari, kuma ba ta gaggawa: mutum zai iya fitowa da ƙafarsa, ya ci abinci, ya yi dariya, sannan bayan sa'o'i huhunsa ya fara cika da ruwa. Mai lafiya ma ke nan, balle mai asma.

Ƙarfe ɗaya Mansura ta turo hoto: kwali cike da ƙananan allunan ƙarfe, kowanne da lamba da sunan gari, waɗanda ta sa aka buga don a kafa a ƙofar kowane sito. A ƙasa ta rubuta, "'Ya'yana sun iso." Ƙarfe biyu Usaini, mai sa maganin, ya biyo ofis yana saurin kama motar Gagarawa. Minti goma ya ba ta wayarsa ta kwashe hotunan aikinsa da igiyar kwamfuta, ya karɓa ya wuce. Ƙarfe uku aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, kwamfutarta ta mutu. Huɗu da rabi ta shigo gida da kwalin a ka, kamar mai talla.

Haka take tun tana yarinya. Asma ta hana ta wasan waje lokacin sanyi da lokacin shara, sai ta zauna a ɗaki da almakashi da tsohon littafi tana yanka takardu. Tana shekara bakwai ta manna wa kowane gwangwani na ɗakin girki suna: gishiri, kanwa, kuka, daddawa. Ta manna wa takalman mahaifinta "dama" da "hagu", ya tafi masallaci da su bai lura ba. Ba ta iya waƙa ba, amma ba ta daina yi ba. Tana tsoron kaza har ta girma. Ɗanwake take so da yajin da ke sa ta tari, a yi ta faɗa. Ta karanta ilimin kwamfuta a Kano, ta dawo Gumel ba don ta rasa wajen zuwa ba. Cewa ta yi garin da ba ta san sunan masu shagunansa ba, ba za ta iya barci a cikinsa ba.

Bayan la'asar ɗin nan suna tsinke zogale, sai ta ajiye nata ta jawo kwalin, ta fara rubutu a bayan allunan da baƙin alƙalami.

"Ɗanzomo ce ciwon kaina," ta ce. "Sito biyar ne a jere, amma sunayensu sun fi goma. Ofis yana ƙirga su daga wajen sikeli. 'Yan dako da bishiya suke kiransu, na gindin maina, na gindin aduwa. Kowa da nasa."

"To da yaya ake aiki duk shekarun nan?"

"Baba Ɗantsoho. Duk siton da aka sa wa magani, sai ya zare makullinsa daga cikin sauran ya rataya a wuya da zare, ba ya cirewa sai bayan kwana goma. Ko mai kamfanin ne ya zo, sai dai ya haƙura. Kin ga duk tsaron kamfani a wuyan tsoho ɗaya yake rataye." Ta yi dariya. "Asabar zan je mu kafa waɗannan, ya huta."

Aka kira magariba. Wuta ta dawo wajen isha'i, ta jona kwamfutar ta ce da safe za ta duba hotunan Usaini. Ranar ta ƙare ke nan.

Alhamis, bakwai saura minti ashirin, Malama tana ɗaura ɗankwali ta ji an ture kujera a ɗakin Mansura. Ta leƙa. Yarinyar tana tsaye, hannu ɗaya a kan tebur, tana kallon taswira a fuskar kwamfuta. Dogayen gine-gine biyar a jere, da jan ɗigo a kan ɗaya.

"Mene ne?"

"Kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi da wurin, ko mai wayar bai sani ba. Ranar Litinin Usaini ya sa magani, ya ce wa ofis sito na biyu. Ofis ya rufe na biyu a jadawali." Ta ɗora yatsa a kan ɗigon. "Daga titi yake ƙirgawa, Umma, don ta nan yake shigowa. Na biyunsa shi ne na huɗun ofis."

"Sai me?"

"Na huɗu za a kwashe yau. Ƙarfe takwas. Mutum tara."

Malama ta ƙirga a zuci. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Kwana uku. Lokacin da iskar ta fi kauri a ƙarƙashin tamfol.

"Ai makullin yana wuyan tsohon."

"Tsohon ya ƙetare iyaka tun Talata, ta'aziyyar ƙanwarsa. Kuma manaja ya sa an yanka wasu makullan watan jiya, wai kada aiki ya riƙa jiran mutum ɗaya."

Mansura ta kira Baba Ɗantsoho, layin ba ya shiga. Ta kira manaja sau shida. Ranar kasuwar Maigatari ce, wayar tana ta ƙara a wani aljihu cikin hayaniyar shanu da manyan motoci. Shugaban 'yan dako lambobi uku gare shi a takardu uku. Ɗaya a kashe, ɗaya wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san shi ba, ta ukun babu ita sam. Usaini ya ɗauka daga wani ƙauyen Gagarawa, ya yi salati, ya ce shi ma ba shi da lambar kowa a can sai ta tsohon. Malam ya fita da motar tun asuba zuwa gona. Bakwai da minti biyar Mansura ta zari mayafi.

Malama ta tare ƙofar zaure.

"Ki tsaya a waje. Ki yi ihu daga nesa, ta inda iska ke fitowa, ba ta inda take tafiya ba."

"Na ji."

"Ba na ji na ce ki ce ba. Ki ce kin yi alkawari."

"Umma, lokaci."

Ta ratsa ta gefenta ta fita. Malama ta ji ta tana kiran ɗan acaɓa da sunansa, ta ji tashin babur, ta tsaya har ƙarar ta ɓace.

Ta je makaranta, don ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta shiga aji ta rubuta darasi a allo, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce wannan sun yi shi makon jiya. Takwas da rabi ta kira, ba a ɗauka ba. Tara saura kwata. Tara. Tara da minti goma. Tana riƙe da alli har ya karye a hannunta ba ta sani ba. Goma saura minti goma aka ɗauka.

"Kowa ya fito, Umma. Su tara. An tafi da uku asibiti."

"Ke fa?"

"Ina tahowa."

"Mansura. Ke fa?"

"Ina tahowa, Umma, caji zai ƙare."

Malama ta danna wayar a kunne sosai, ko za ta ji abin da ke ƙarƙashin muryar. Iska ce kawai da hayaniyar maza.

Sha biyu saura Mansura ta iso gida, Malama ta riga ta dawo tana jiranta. Da ƙafarta ta shigo, har tana murmushi, ta ce kanta ne kawai ke ɗan sarawa, a ba ta ruwa. Malama ta matso don karɓar jakar, sai warin ya doke ta daga mayafin. Tafarnuwa. Ba a dafa komai da tafarnuwa a gidan ba ranar.

"Minti nawa?"

Mansura ta sunkuyar da kai.

"Minti nawa kika yi a ciki?"

"Ban duba ba. Biyar. Wataƙila bakwai."

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta zare mayafin ta jefa bayan ɗaki, ta sa ta canza kaya ta wanke fuska da hannu, ta kira Malam ta ce ya bar duk abin da yake yi. Ƙarfe ɗaya suna asibiti. Ta gaya wa likita sunan sinadarin, da kwanakin da ya yi a rufe, da tsawon lokacin, da tarihin asmar, a jere, kamar mai karanta rahoto. Likitan ya dube ta ya gane cewa ba sai ya ɓoye mata komai ba. Aka sa wa Mansura iskar numfashi, aka ɗaura ruwa, aka ce sai a jira.

Jiran ne abin. Ƙarfe biyu tana zolayar mahaifinta cewa ya zo asibiti da takalmin gona. Ƙarfe uku ta tambaya ko an rufe ƙofar siton, ko an sa wani ya tsare kada yara su shiga. Ta sa Malam ya kira ya tabbatar. Malama tana zaune a bakin gado, idonta a kan agogon bango, kunnenta a ƙirjin 'yarta. Kowa a ɗakin yana cewa alhamdulillahi, jiki da sauƙi. Ita kaɗai ta san cewa sauƙin nan yana cikin yadda abin yake tafiya, kuma ta yi ta roƙon Allah ya sa abin da ta karanta ƙarya ne.

Ana kiran la'asar ta ji shi. Siririn fito, can ƙasa, sannan wani sauti a bayansa wanda ba ta taɓa ji ba a shekara ashirin da bakwai, kamar ruwa na shiga tulu.

Ma'aikatan sun yi iya yinsu. Abin da ya gudana daga magariba zuwa asuba, Malama Safara'u ba ta taɓa ba kowa labarinsa ba. Mansura ta cika da hantsin Juma'a, ƙarfe tara da minti ashirin. Aka yi mata sutura bayan an sauko daga masallaci.

Abin da ya faru a Ɗanzomo, ranar uku ta ji shi, daga bakin Sajo, wani ɗan dako mai 'ya'ya biyar da aka sallamo daga asibiti ranar. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya ƙi hawa tabarma.

Ya ce sun yaye tamfol ke nan sun fara ɗauka sai ga ta a kan babur. A waje ta tsaya, nesa da ƙofa, tana ɗaga hannu tana cewa su fito, akwai magani. Dariya suka yi. Wani ya ce, "Hajiyar kwamfuta, yau kuma buhu za ki taya mu?" Wani ya ce warin nan ai kullum ne, shi ne turaren ɗan dako. Shugabansu ya ce takarda ta ce na huɗu, shi kuma na huɗu ya buɗe. Ba ta bar ihu ba, har muryarta ta dushe. Sai da ɗaya daga cikinsu ya ajiye buhu ya fara amai sannan suka fito a guje.

"Aka ce kowa ya fito, Hajiya. Har an kama ƙofa za a ja. Sai ta ce a tsaya, ta buɗe waya ta fara kiran suna ɗaya-ɗaya. Takwas suka amsa. Ni ina can ƙurya bayan buhuna, ƙafata ta ƙi ɗaukata, ina jin sunana ba ni da bakin amsawa. Maza suka tsaya suna kallon juna. Wallahi ba na zarginsu. Sai na ga mayafi a kaina, ta kama wuyan rigata tana ja, tana cewa, Malam Sajo, kai fa nauyi gare ka. Da suka ga mace ta shiga, kunya ta sa biyu suka biyo ta."

Malama ta tambaye shi abu ɗaya: ko ta daɗe a waje kafin ta shiga. Ya ce ta daɗe. Ta ce to, Allah ya ƙara sauƙi, ya gaida yara.

Usaini ya zo shi ma, yana kuka kamar yaro. "Na biyu na ce, Hajiya, kuma wallahi na biyun ne." Ta ce ta sani. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin lamarin, ta bi shi dalla-dalla ba sau ɗaya ba. Ranar bakwai Baba Ɗantsoho ya iso daga ƙetare. Ya zauna a zaure wajen Malam, ya sa hannu cikin riga ya zaro zaren. Makullin yana nan a rataye, sai a ranar ya cika kwana goma a lissafinsa.

Bayan arba'in aka buɗe ɗakinta. Ba a sha wahala ba, don kowane akwati da takardarsa a jiki. Malam ya kira limamin unguwa aka fitar da abin da shari'a ta ce. Tufafin aka raba wa 'yan'uwa da maƙwabta. Littattafan kwamfuta Malama ta kai ɗakin karatun makarantarsu. Kwamfutar ta kamfani ce, aka aiko wata abokiyar aikinta, Christabel, ta karɓa. Ita aka ba ci gaban kundin, ta ce yanzu ba a fitar da jadawalin kwashe sito sai an ga ranar buɗewa a katinsa. Kafin ta miƙa jakar, Malama ta zuge ƙaramin aljihun gefe. Abin shaƙa na uku yana nan inda ta cusa shi, ko murfinsa ba a taɓa cirewa ba. Ta ɗauke shi ta sa a jakarta.

Mayafin kuwa tun ranar Asabar ɗin farko ta ɗauko shi daga bayan ɗaki ta shanya a igiya, kwana biyu cur a iska, yadda ƙa'ida ta ce. Warin ya fita. Ta ninke shi ta sa a ƙasan akwatinta.

Saura kwalin alluna. Kamfani ya ce zai aiko a ɗauka, Malama ta ce na sauran garuruwan su ɗauka, biyar ɗin Ɗanzomo ita za ta kai. Wata Asabar Malam ya tuƙa su. Baba Ɗantsoho ya fito da guduma da ƙusoshi, Sajo ya riƙe tsani, Usaini yana tsaye a gefe. Tsohon ya dubi ƙofofin biyar ya ce, "To Malama, ta ina za a fara? Ta titi ko ta sikeli?"

Ta ce a juya bayan allunan.

Kowanne da rubutun Mansura. Na ɗaya, kusa da sikeli. Na biyu, gindin aduwa. Haka suka bi suna kafawa, ƙusa huɗu-huɗu. Da aka zo na huɗu Malama ta karɓa da kanta ta karanta: "Gindin maina. A tambayi Usaini yadda yake kiransa."

Ta miƙa wa Usaini ya karanta. Sannan ta karɓa ta ba tsohon, ya hau tsani ya kafa.